Yadda Ake Aza Harsashin Gareji Marar Zurfi a Ƙasashe Masu Tsananin Sanyi

A arewacin jihar Minesota ta Amurka, dokar gini ta tanadi a haƙa harsashi har zurfin ƙafa 5 (wajen santimita 150), saboda sanyin hunturu yana daskarar da ruwan da ke cikin ƙasa, ƙanƙarar ta yi ta zuƙo danshi tana kumbura har ta ɗaga gini, daɓe ya tsage, ƙofar gareji ta ƙi rufuwa. Tun shekarun 1950 magina a Norwe, Suwidin da Finlan suka samo mafita: suna lulluɓe ƙasa da allunan soso mai tauri domin tsare ɗumin da ke cikinta, sai harsashi ya tsaya a zurfin wajen santimita 40.

Kafin a sa shebur a ƙasa, sai a yanke shawara ko za a riƙa ɗumama garejin duk hunturu, domin a nan mutane da yawa suke tafka kuskure. Gidan zama yana tura zafinsa cikin ƙasa, saboda haka soso a gefen harsashi ya wadatar. Gareji kuwa yawanci ba shi da na'urar ɗumama ɗaki, don haka dole soson ya shiga ƙarƙashin daɓen gaba ɗaya, ya kuma zarce bango ta kowane ɓangare. A ganina, ko da mai gida yana da niyyar ɗumamawa, gara a yi lissafi kamar ba za a ɗumama ba, tunda wanda zai sayi gidan gobe bai ɗauki wannan alkawari ba.

Bayan haka sai a kwashe ƙasar sama mai saiwoyi, a daidaita wurin, a zuba tsakuwa mai kaurin akalla santimita 15, a danne ta da inji har ta zauna, domin ruwa ba ya kwanciya a tsakuwa. A kanta ake jera allunan soson, galibi nau'in XPS wanda ba ya shan ruwa sosai, a haɗa bakinsu tsam, kada a bar tazarar da ko yatsa zai shiga. Kaurin soson da faɗin da zai zarce waje sun dogara ga tsananin sanyin yankin, kuma injiniya yana fitar da su daga ƙa'idar ASCE 32 da ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta fitar a shekarar 2001. Shi ne kuma zai tabbatar soson zai ɗauki nauyin bango da mota.

Daga nan a shimfiɗa leda, a kafa katako, a ɗaure rodi, a zuba kankare, gefensa ya fi tsakiya kauri. Soson da ya fito waje a rufe shi da ƙasa mai kaurin akalla santimita 25, a gangarar da ita nesa da bango domin ruwan narkakkiyar dusar ƙanƙara ya wuce, kuma kada a dasa bishiya a kansa.