Gwajin kanwa da lemun tsami: nauyi ba ya ɓacewa

Wannan ƙa'ida, cewa jimillar nauyin abubuwa ba ta canzawa ko sun haɗu sun rikiɗe, masanin kimiyya Lavoisier na Faransa ne ya bayyana ta a 1789, amma a tsakar gida ma za ka iya gwada ta. Aro ƙaramin sikeli irin na masu awon zinari a Gusau. Na mahauta ba zai ji bambancin ba.

1. Matse lemun tsami biyu cikin gorar roba.
2. Ƙulla dakakkiyar kanwa rabin ƙaramin cokali a takarda, jefa ciki, rufe gam. Kar ka ƙara, gora na iya fashewa.
3. Auna, rubuta lambar.
4. Girgiza sosai. Kumfa za ta taso, gorar ta yi tauri. Sake aunawa: lambar na nan daram.
5. Kwance murfin a hankali har iskar kabon, wadda haɗuwar kanwa da lemun ta haifar, ta fice, sannan ka auna. Yanzu kam za ta ɗan ragu.