Hanyoyin Sauƙaƙa wa Dattawanmu Kuɗin Magani a Saudiyya

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Makka, ko Jidda, ko Madina, ba ka tarar da leda cike da kwalayen magani a gefen shimfiɗar tsoho ko tsohuwa ba: na hawan jini, na ciwon suga, na kitsen jini, na ciwon gwiwa. Waɗannan cututtuka ba a yi musu sha-yanzu-magani-yanzu. Shan maganinsu ake yi wata bayan wata har iyakar rai, kuma kuɗin da ake ganinsa kaɗan a wata ɗaya, idan shekara ta zagayo sai a ga ya cinye wani kaso mai kauri na abin da iyali suke samu. Abin da ya kamata mai kula da dattijo ya fara fahimta shi ne, a ƙasar nan ba yawan shekaru ne ke buɗe wa mutum ƙofar magani kyauta ba, takardar da ke hannunsa ce ke buɗewa. A gida ɗaya ana iya samun kaka mai katin ɗan ƙasa, da ƙanwarta mai iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, da wata gwaggo da ta zo ziyara daga Kano, kuma kowacce da ƙofarta. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba zai sha zirga-zirga a banza.

A fara da wayar dattijo kafin a je asibiti

Kusan duk harkar lafiya a Saudiyya ta koma cikin waya, saboda haka aikin farko shi ne a tabbatar lambar da aka yi wa dattijo rajista da ita a Absher, wato manhajar harkokin takardu ta gwamnati, tana aiki, kuma tana hannun wanda ke kwana gida ɗaya da shi. A nan ne galibi ake yin tuntuɓe. Sau da yawa lambar da ke cikin fayil ɗin Hajiya ta wani jikanta ce wanda ya daɗe da sauya layi ko ya koma Riyad aiki, sai saƙon magani ya riƙa tafiya inda ba a buƙatarsa, a gida kuwa ana cewa asibiti ba su rubuta komai ba. Bayan an gyara lamba, sai a sauke manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya, wadda da ita ake kama lokacin ganin likita, a kuma duba adireshin gida da ke cikin rajistarsa. Iyalan da suka tashi daga tsofaffin unguwannin Jidda irin su Karantina, Sabil da Gulail a rusau na 2021 da 2022 su kula da wannan sosai, domin ana haɗa mutum da cibiyar lafiya ne bisa unguwar da yake zaune.

Sannan a zazzage ledar nan gaba ɗaya a kan tabarma, a rubuta sunan kowane magani, da ƙarfinsa, da sau nawa ake sha a rana. Ba abin mamaki ba ne a gano cewa Baba yana shan magani ɗaya sau biyu da sunaye daban-daban, ɗaya daga likitan gwamnati, ɗaya daga wani asibitin kuɗi da aka kai shi bara. Wannan takarda ita za a riƙa kai wa kowane likita.

Idan dattijo ɗan ƙasa ne

Wanda ke riƙe da katin ɗan ƙasa, hanyarsa ta fi ta kowa sauƙi, kuma babu dalilin da zai sa ya riƙa sayen maganin hawan jini ko na suga da kuɗinsa. A kama masa lokaci a cibiyar lafiya ta unguwa, wadda aka fi sani da markaz sihhi, a buɗe masa fayil a sashen cututtuka masu daɗewa. Idan likita ya duba shi, zai shigar da maganin a tsarin Wasfaty, wanda kamfanin NUPCO na gwamnati ke tafiyarwa tare da Ma'aikatar Lafiya. Daga nan saƙo zai shigo waya ɗauke da lambar takardar maganin. Da wannan lamba da lambar katin dattijo ake zuwa kowace saidaliyya, wato kantin magani, da ke cikin tsarin, ciki har da rassa da dama na manyan kantuna irin su Al-Dawaa, a karɓi magani ba tare da biyan ko halala ɗaya ba.

Akwai abu biyu da ke rikita tsofaffi a nan. Na farko, likita yana rubuta sunan sinadarin magani ne, ba sunan kamfani ba, don haka kwalin wannan wata yana iya bambanta da na watan jiya a launi da suna. Tsohuwar da ta saba da farar ƙwaya, idan aka miƙa mata ruwan hoda, sai ta ce an canza mata magani, ta ajiye shi a ƙarƙashin matashi, ta aiki jika ya sayo mata wanda ta sani. Maganin wannan shi ne a tsaya a gaban mai kantin a ce ya rubuta a jikin kwalin wane ciwo yake yi wa aiki, sannan a zauna da ita a nuna mata: “Inna, wannan shi ne na hawan jinin naki, riga kawai ya sake.” Na biyu, idan an tarar babu maganin a wani reshe, takardar ba ta mutu ba, ana iya zuwa wani kantin da ke cikin tsarin. Idan abin ya ci tura, a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya da ke aiki dare da rana, a shigar da koke. Wasu magunguna, musamman masu sa barci ko kashe zafi mai tsanani waɗanda doka ta tsaurara a kansu, a ɗakin magani na asibiti ake karɓarsu.

Dattijon da ya kasa tashi, a nemi likitansa ya tura shi shirin kula da marasa lafiya a gida, inda ma'aikatan jinya ke zuwa har ɗakinsa.

Dokar haƙƙin tsofaffi da kula da su, wadda ta fito a 2022, ta ɗauki duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 60 a matsayin dattijo, ta ba shi fifiko a wuraren hidima, ta kuma ɗora nauyin kula da shi a kan iyalinsa, gwamnati ta shigo idan sun gaza. Wanda ba shi da abin hannu, a nema masa tallafin daman ijtima'i, wato kuɗin wata-wata da gwamnati ke ba marasa ƙarfi, ta shafin Ma'aikatar Ƙwadago da Jin Daɗin Jama'a; a 2023 an ɗaga mafi ƙarancin abin da ake lissafa wa mai gida daga riyal 1,100 zuwa 1,320 a wata. Ba kuɗin magani ba ne kai tsaye, amma yana toshe ramukan da ke kewaye da jinya, kamar kuɗin mota zuwa asibiti da abincin da likita ya ce a ci.

Akwai wani haƙƙi da gidajenmu da yawa suka bari yana kwance. Tun 2013 Majalisar Ministoci ta yanke cewa matar da ba 'yar ƙasa ba, amma ta haifi 'ya'ya 'yan ƙasa ta hanyar aure tabbatacce, za a ba ta iƙama ba tare da kafili, wato mai tsaya mata, ba, kuma a ɗauke ta kamar 'yar ƙasa wajen jinya a asibitocin gwamnati. Iyaye mata nawa ne aka auro daga Najeriya ko Nijar ko Sudan shekaru arba'in da suka wuce, mazan sun rasu, 'ya'yan suna sayen insulin da kuɗinsu? Idan mahaifiyarku tana cikin wannan rukuni, a je ofishin jawazat, wato hukumar fasfo da takardun zama, da takardar aure da katunan 'ya'ya a gyara matsayinta a iƙama, daga nan sai a buɗe mata fayil a cibiyar lafiya.

Idan iƙama gare shi

A nan magana ta koma kan ta'min, wato inshorar lafiya, wadda ba a sabunta iƙama sai da ita. Doka ta tilasta wa kamfani ya yi wa ma'aikacinsa inshora tare da matarsa, da 'ya'yansa maza har zuwa shekara 25, da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Iyaye ba sa cikin wannan lissafi, saboda haka wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke ƙarƙashin iƙamarsa, shi zai saya musu, kuma farashin yana hawa da hawan shekaru.

Jarabar da ke kama mutane ita ce sayen inshora mafi arha don kawai iƙama ta fita, a kuma ɓoye ciwon da dattijo ke da shi a takardar bayanin lafiya domin kuɗin ya sauko. A ganina wannan arha ce mai tsada. Ranar da aka kai takardar maganin suga, kamfani ya duba ya ga ba a ambaci ciwon ba tun farko, yana da hujjar ƙin biya, sai a wayi gari an biya inshora kuma ana sayen magani. Kafin a biya, a tambayi jerin asibitoci da kantunan da katin ke aiki a cikinsu, a tabbatar akwai wanda dattijo zai iya kaiwa ba tare da an keta gari ba.

Tsarin da Majalisar Inshorar Lafiya ta sabunta a 2022 ya bambanta maganin kamfanin asali da takwaransa mai sinadari iri ɗaya wanda wasu kamfanoni ke yi. A kan takwaran, mara lafiya yana biyan kashi 20 cikin ɗari, kuma abin ba ya wuce riyal 30. Idan kuwa ya nace sai na asali alhali akwai takwaransa, kasonsa yana iya kaiwa rabin kuɗin. Don haka a riƙa cewa likita ya rubuta sunan sinadari, a kuma tambayi mai kanti kai tsaye ko akwai madadi. Idan kamfani ya ƙi amincewa da wani magani, a karɓi dalilin a rubuce, a nemi likita ya ƙara bayani, idan ba a daidaita ba a kai ƙara Hukumar Inshora, domin tun 2024 ita ke sa ido a kan kamfanonin inshora.

Ko da da kuɗin aljihu za a saya, yana da kyau a san cewa Hukumar Abinci da Magunguna ce ke yanke farashin magani, ana buga shi a jikin kwali, kuma ba a yarda kanti ya sayar sama da haka ba. Magungunan da aka yi wa rajista ba a ɗora musu harajin kashi 15 da ke kan sauran kaya. Manhajar Tameni ta hukumar tana nuna farashin magani da madadinsa, sai mutum ya san abin da zai tambaya tun kafin ya fita daga gida.

Baƙi da waɗanda takardunsu suka tsaya

Inshorar da ke tare da bizar umara ko ta ziyara an yi ta ne don larurar gaggawa, ba don maganin wata-wata ba. Duk dattijon da zai taho, ya zo da maganin da zai ishe shi har komawa, a cikin kwalayensa na asali, tare da takardar likita.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne tsofaffin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a nan, ƙarfi ya ƙare, inshora ta gagara, wani ma iƙamar ta mutu. Su ƙofarsu ita ce ƙungiyoyin agaji masu rajista. Ƙungiyar Zamzam, wadda ke hidimar lafiya a yankin Makka da Jidda, tana taimaka wa marasa ƙarfi da jinya da magani, sannan akwai dandalin Shifa na Asusun Waƙafin Lafiya, wanda ke tara gudunmawar jama'a don jinyar mabuƙata ta hannun irin waɗannan ƙungiyoyi. Abin da suke fara nema shi ne rahoton likita na kwanan nan mai hatimi, da takardar farashi, da duk wata shaidar ko wane ne mara lafiyar, da bayanin halin da iyali ke ciki. Kowace ƙungiya da sharuɗɗanta game da takardun zama, don haka a fara tambaya kafin a ɗauko tsoho a rana. Kuma a shigar da buƙata tun da sauran magani na mako biyu ko uku a gida, domin bincikensu yana ɗaukar lokaci.

Wata ɗabi'a da ya kamata a yi hattara da ita ita ce raba magani tsakanin maƙwabta, wato mai katin ƙasa ta karɓo nata ta tsakura wa ƙawarta marar takarda. Zumunci ne ya kawo haka, amma ƙarfin ƙwayar da ya dace da wannan yana iya kayar da waccan, ita kuma mai bayarwa nata ya ƙare kafin lokacin sabuntawa, likita ya ga awonta ya hau ya ƙara mata ƙarfin maganin da ba ta buƙata. Mai son taimako ya raka ta wurin ƙungiya, ko ya biya mata kuɗin ganin likita sau ɗaya don ta sami rahoton da za a buɗe mata fayil da shi.

Idan dattijo zai tafi ganin gida na wata biyu ko uku, a gaya wa likita tun kafin a yanki tikiti, a nemi ya daidaita adadin maganin da kwanakin tafiya, a kuma karɓi rahoto da sunayen sinadaran a rubuce da harafin boko, yadda mai kyamis a Kano ko Damagaram zai iya karantawa. Insulin kuwa a riƙe shi a jakar hannu cikin abin sanyaya, kada a saka shi a akwatin da za a jefa cikin kaya.