Kafin a Ɗaure Akwati: Yadda 'Yan Aji Shida Za Su Adana Tarihin Ajinsu

Ni malamar Hausa ce a makarantar 'yan mata ta kwana, kuma an sha damƙa mini riƙon 'yan aji shida, wato SS3. Abin da nake gaya wa kowane sahu tun makon farko shi ne: 'ya'yana, duk abin da kuke son tunawa da shi, ku haɗa shi kafin a fara WAEC. Ba rana ɗaya ake yin kandi ba. 'Yan kimiyya da ranar da suke ajiye biro, 'yan adabi da na kasuwanci da tasu, wadda kuma ba a biya mata kuɗin NECO ba, tana gama WAEC za a zo a ɗauke ta. Haka aji yake zarewa da ɗai-ɗai, wata ko sallama ba za ku samu yi da ita ba.

Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, shi ne naku. Zango na biyu rajista da jarrabawar gwaji da shirin JAMB ke cinye shi. WAEC kuwa tana kankama a Mayu, NECO ta biyo bayanta a Yuni da Yuli. To da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ku zaɓi mutum biyar da za su jagoranci aikin, kada duk su zama masu muƙami, ku sa har da yarinyar nan mai shiru-shiru da kowa ya yarda da amanarta. Kuɗi a riƙa tara su kaɗan-kaɗan, musamman ranar ziyara da iyaye suka zo, a rubuta a littafi, a ajiye wurin malamar aji, kuma kowane wata a karanto lissafin a gaban kowa. Wadda ba ta da halin biya kada a kira sunanta. Kasonta a rufa mata asiri a raba shi cikin na sauran.

Babban aikin shi ne littafin tunawa, kuma a nan nake so ku ɓata lokaci. Ku sayi babban littafi mai bangon kwali, a ba kowace yarinya shafi guda ta cika da hannunta. Kada a buga da kwamfuta. Bayan shekara ashirin, rubutun hannun ƙawarki kaɗai ya isa ya dawo miki da muryarta. Ta rubuta cikakken sunanta, da laƙabin da ake kiranta da shi a ɗakin kwana, da gidan da take a makaranta, da abin da take burin zama. Sannan abin da ya fi komai: sunan mahaifinta da sana'arsa, garinsu, unguwarsu, da wata alama kusa da gidansu, ko masallacin Juma'a ne ko gidan mai unguwa. Lambar waya ba abin dogaro ba ce. Da yawa cikinku ba ku da taku, ta Mama ko ta Yaya za ku bayar, kuma layi yana ɓata. Wasu kafin sakamako ya fito an ɗaura musu aure an kai su wani gari. Amma gidan uba yana nan, ko an tashi maƙwabta sun san inda aka koma.

Ku bar shafuka a baya don labarin ajin kansa. Waƙar da gidanku ya rera ranar da ya ci kofin wasanni. Daren da aka ɗauke wuta ana tsakiyar karatun dare aka koma tatsuniya. Yadda ake kwaɗa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji a murfin bokiti idan wake ya ƙi dahuwa. Kalmar da malamin lissafi ba ya gama darasi sai ya faɗe ta. Amma duk labarin da zai kunyata wata, ko ya taɓa gidansu, a bar shi a baki, domin wata rana 'ya'yanta za su buɗe littafin. In an gama, a kai shagon masu kwafi a cikin gari a yi wa kowa nata a ɗinke.

Hoton aji a ɗauke shi da kayan makaranta, da safe bayan taron asambule, kafin rana ta yi tsaka kowa ta riƙa runtse ido. A wanko shi a takarda, a rubuta sunaye a bayansa layi-layi, daga hagu zuwa dama. Kuma don Allah ku kira Baba maigadi da Iya mai kula da ɗakunan kwana da masu dafa abinci su shiga. Su ne suka tashi da asuba suna hura wuta don ku sha koko, kuma ba kasafai ake tunawa da su ba.

Akwai daren da nake ganin ya fi walima daraja, daren neman gafara. Kun yi shekara kuna riƙe da makaranta, kun sa ƙannenku gwale-gwale, kun aike su ɗiban ruwa cikin sanyin hunturu, wata ma an karɓe mata abin da iyayenta suka kawo mata. Ku nemi izinin shugabar makaranta, ku zaɓi dare guda kafin jarrabawa, ku bi ɗakunan ƙananan ɗalibai. Kada a tara su a fili a ce "ku yafe mana" da baki ɗaya, wannan ba ya wanke komai. Wadda kika san kin zalunta ki same ta ita kaɗai, ki kira sunanta, ki faɗi abin da kika yi mata. In bashi ne ki biya, in bokiti ne ki mayar. Na ga 'yar aji ɗaya ta tsaya riƙe da kofin silbarta da aka dawo mata da shi bayan wata biyu, ta kasa cewa komai sai hawaye.

Batun rubuce-rubuce da alƙalamin maka a jikin farar riga ranar kandi kuwa, ni ban goyi bayansa ba, kuma a 2025 gwamnatocin Sakkwato da Yobe sun hana shi a makarantun sakandare. In sa hannu kuke so, ku sayi farin yadi, kowa ta sa nata, a ba makaranta ta ajiye. Walima ma a yi ta daidai ƙarfi: karatun Alƙur'ani, addu'a, zoɓo da cincin, in kuma akwai Kiristoci a ajin a ba su lokacin tasu addu'ar. Anko in ya zama dole, a fitar da atamfar da marainiyar ajin za ta iya saya.

Tunda kandi a damina yake faɗowa, ku dasa itace. Darbejiya ta fi jure fari, mangwaro kuma ya fi son ban ruwa. A kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, a damƙa shi ga wata 'yar aji huɗu da za ta kula da shi in rani ya shigo.

Zauren WhatsApp a buɗe shi da masu kula mutum uku, kada ya mutu in wayar ɗaya ta faɗa ruwa. Ranar haɗuwa ta farko kuma a tsayar da ita tun yanzu, a rubuta a shafin ƙarshe: kwana uku bayan Babbar Sallah ta baɗi, a gidan wance. Asalin littafin a bar shi hannun malamar aji ko a ɗakin karatu na makaranta, a sanar da kowa inda yake.