Yadda ake ƙirƙiro kuskuren karatu a faifan gwaji a kan Linux

Duk wanda ya haɗa faifai biyu a tsarin RAID 1, wato tsarin da ke ajiye kwafin bayanai iri ɗaya a kan kowannensu, yana sa ran idan wani sashe na ɗaya ya lalace, ɗayan zai rufa masa asiri, amma ba a tabbatar da hakan sai an gwada. Ba sai an jira faifan gaske ya tsufa ba, domin Linux na da kayan aikin da ake kira device-mapper, wanda ke iya shiga tsakanin manhaja da faifai ya riƙa mayar da kuskure a daidai wurin da aka zaɓa.

Da farko a tanadi faifan ƙarya, kada a kusanci wanda ke ɗauke da bayanan aiki. Umarnin dd if=/dev/zero of=gwaji.img bs=1M count=1024 zai samar da fayil mai girman gigabait ɗaya, sannan losetup -f --show gwaji.img ya mayar da shi na'ura, misali /dev/loop0. Idan aka tambayi girmansa da blockdev --getsz, za a ga 2097152, wato adadin sassa masu bait 512 kowanne.

Hanya mafi sauƙi ita ce nau'in device-mapper da ake kira error, wanda ke ƙin karatu da rubutu gaba ɗaya a yankin da aka ba shi. Yana da amfani idan ana son ganin yadda manhajar kwafe bayanai za ta yi da ta ci karo da wurin da ba ya karantuwa, sai dai a ganina ya yi tsauri ga gwajin farfaɗowa. Faifan gaske idan ya kasa karanta sashe, sau da yawa yakan warke da zarar an sake rubutu a wurin, saboda yana sauya lalataccen sashen da wani daga cikin waɗanda ya ajiye a gefe.

Wannan hali shi ne nau'in dust ke kwaikwaya, wanda ya shigo Linux a sigar 5.2 a shekarar 2019. Ana kafa shi da dmsetup create kura --table '0 2097152 dust /dev/loop0 0 4096', inda kura shi ne sunan da aka ba sabuwar na'urar, lambar ƙarshe kuma ke nuna girman kowane tubali, wato yankin faifai mai bait 4096. A haɗa /dev/mapper/kura da wani faifan ƙarya na biyu ta hanyar mdadm, umarnin haɗa faifai a tsarin RAID, a matsayin RAID 1 mai suna md0, a kuma jira har su gama daidaitawa, wanda ake gani a /proc/mdstat. Bayan haka ne za a lalata tubali da dmsetup message kura 0 addbadblock 100000, sannan a kunna kuskuren da dmsetup message kura 0 enable. Jerin yana da muhimmanci, domin da an kunna tun farko, rubutun daidaitawar na iya goge lalacewar kafin a fara gwajin.

A nan ne ake yawan ruɗewa. Linux na riƙe abin da aka taɓa karantawa a ƙwaƙwalwar wucin gadi, saboda haka karatu na iya wucewa lafiya lau alhali ko taɓa faifan bai yi ba. Maganin shi ne a ƙara iflag=direct, kamar haka: dd if=/dev/mapper/kura of=/dev/null bs=4096 skip=100000 count=1 iflag=direct. Idan komai ya zauna daidai, dd zai tsaya da kuskuren shigarwa da fitarwa.

Sai a rubuta kalmar check cikin /sys/block/md0/md/sync_action, abin da zai sa tsarin ya karanta faifan biyu daga farko har ƙarshe. Da ya iso lalataccen tubalin, zai ɗauko kwafin da ke faifai na biyu ya rubuta a kansa, kuma dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin, zai nuna an cire tubalin daga jerin lalatattu. Umarnin dmsetup message kura 0 countbadblocks ya kamata ya nuna sifili. Da nau'in error aka yi amfani, wannan rubutun gyara da ya gaza, kuma abin da za a gwada ke nan shi ne yadda tsarin ke ɗaukar faifan da ba ya gyaruwa, wanda tambaya ce ta daban.

Idan an kammala, a tsayar da md0 da mdadm --stop, a cire kura da dmsetup remove, sannan a saki na'urorin da losetup -d, a bisa wannan jeri, domin na ƙasa ba ya sakuwa muddin na sama na riƙe da shi.