Yadda za ka je kallon namun daji kuɗinka ya amfani mutanen wurin

In dai kana shirin zuwa safari, tun kafin ka biya ko sisi ka tambayi kamfanin, masaukin nan a filin waye yake? A Kenya, gefen gandun dajin Masai Mara, akwai filayen da 'yan ƙabilar Masai suka haɗa suka bayar haya, ana biyansu, kuma yaransu ne ke jan mota da gadin dabbobin. Mutumin da zaki ya taɓa cinye masa saniya ba zai bar zakin ba sai in yana ganin amfaninsa a aljihu, wannan kam gaskiya ce. Namibiya ma tun 1996 doka ta ba ƙauyuka ikon kula da namun dajinsu su ci ribar.

In goggon biri, wato gorila, kake son gani to Ruwanda ne, takardar izini dala 1,500, tsada kam akwai, awa ɗaya tak za ka yi da su kuma mutum 8 ake shiga, amma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun dajin, ƙauyukan kewaye ake yi wa aiki da shi. In kana mura kar ka je, suna kamuwa da cutar mutane.

A cikin mota kuwa ka zauna tsit. Kar ka matsa wa direba ya sauka daga hanya don hoto, giwa mai ɗa in ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai to ku ja baya kawai. Tsaraba ka saya a hannun matan da suka yi ta, kayan hauren giwa ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.