Yadda Za Ka Koyar da Taswirar Latin Amurka da Rairayi da Buta

Ɗan'uwa malami, idan darasin Latin Amurka ya zo gabanka, kada ka buɗe shi da jera sunayen ƙasashe da manyan biranensu a kan allo. Ƴan lakwal za su kwafe a kaye, su haddace, su zuba maka ranar jarrabawa, kafin damina ta faɗi kuma babu ko ɗaya da ya saura a kansu. Ni a ajina nan Damagaram ƙasa nake fara ginawa, sannan in kawo iska da ruwa, mutane su biyo baya. Yaron da ya gane inda tsauni yake da inda ruwa ke gangarawa, shi da kansa zai nuna maka inda gari zai kafu.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: wuri mai rairayi a filin lakwal, buta cike da ruwa, igiya biyu, tsakuwa, da alli mai launi don aikin cikin aji. Ka fitar da yara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ka zana Kudancin Amurka a ƙasa da sanda, mai faɗi a arewa, yana tsukewa har ya zama tsini a kudu. Daga kusurwar arewa maso yamma ka ja siririn wuya, shi ne Panama da sauran ƙasashen tsakiya, har ya buɗe ya zama Meziko. Ka ajiye tsakuwa a gabas da wuyan a madadin tsibiran Kyuba da maƙwabtanta. Zanen ya yi girman da yara za su iya tsayawa a cikinsa.

Sai ka shimfiɗa igiya ta farko daga gabas zuwa yamma, ta ratsa bakin kogin Amazon ta fita ta ƙasar Ikwado. Layin ikwaita ke nan. Ka gaya musu Damagaram tana wajen digiri 14 arewa da wannan layi, birnin Salbado na jihar Bahiya a Birazil kuma yana digiri 13 kudu da shi. A nan ne za ka warware musu zancen lokutan shekara: sa'ad da muke rawar ɗari a watan Janairu, mutanen Ajantina suna tsakiyar zafinsu.

Yanzu ka sa yara su tara rairayi mai laima su yi doguwar kunya a bakin yamma, tun daga Benezuwela har tsinin kudu. Waɗannan su ne tsaunukan Andis, tsawonsu kimanin kilomita 7,000, sun ratsa ƙasashe bakwai. Kada ka bari su yi kunyar a tsakiya, dole ta manne da bakin tekun Fasifik, don duk darasin a kan wannan ya rataya. Dalilin tsayuwarta a can shi ne faifan ƙasa da ke ƙarƙashin teku, wanda ake kira Nazka, yana kutsawa ƙarƙashin nahiyar yana ɗaga gefenta sama. Shi ne kuma ke haddasa aman wuta da girgizar ƙasa. Wadda aka yi a kudancin Cile a 1960 ta kai maki 9.5, ba a taɓa auna wadda ta fi ta ba. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo ita ce Akonkaguwa a Ajantina, mita 6,961. Ka tuna musu cewa mafi tsawon dutsenmu, a Bagzan cikin Ayar, mita 2,022 ne.

Daga nan sai buta. Ka ba yaro ɗaya ya tsiyaya ruwa a hankali a gefen gabas na kunyar, kowa ya zuba ido. Ruwan zai bi gangare ya nufi gabas, ya bar tekun da ke kusa da shi a baya. Haka kogin Amazon yake yi: yana tasowa a tsaunukan Peru, ba nisa da Fasifik, amma sai ya yi tafiyar kilomita kusan 6,400 kafin ya faɗa Atlantika. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da kogunan duniya ke zubawa a teku nasa ne. Jiragen ruwan teku suna shiga cikinsa har birnin Manawus na Birazil, birnin Ikitos na Peru kuwa babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasar, sai ta kogi ko ta sama. Ka sake tsiyayawa sau biyu, ɗaya a arewa don kogin Orinoko, ɗaya a kudu don Parana, wanda ke fita teku kusa da Buwenos Aires, babban birnin Ajantina.

Tambayar da yara ke yi a daidai nan ita ce daga ina wannan ruwa duka yake zuwa. Ka tsayar da rabinsu a gabas, cikin Atlantika, su zama iska. Iskar tana ɗebo danshi daga teku ta shiga nahiyar tana zubar da ruwa, dajin ya sake mayar da shi sama, ta ci gaba yamma har ta ci karo da tsauni ta juye abin da ya rage. Manawus tana samun fiye da milimita 2,000 a shekara, mu a nan wajen 400 muke gani. Bayan kunyar kuwa, a bakin Fasifik na Peru da arewacin Cile, iska ta iso hannu rabbana. Ga kuma igiyar ruwan sanyi ta Humbolt da ke bin gaɓar daga kudu tana hana hadari haɗuwa. Abin da ya haifar da hamadar Atakama ke nan, inda wasu wurare kan shekara da shekaru ba a ga ɗigon ruwa ba. Lima, babban birnin Peru, a cikin wannan busasshiyar gaɓa take, da ruwan da ke gangarowa daga tsauni take rayuwa, kuma ruwan sanyin nan ne ya sa tekun Peru ya cika da kifi.

Akwai wani abu da ba na bari ya wuce a wannan gaɓa. Ƙurar hunturu da ke rufe mana sama daga Disamba, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Wani kaso nata yana haye Atlantika ya sauka a dajin Amazon, yana kai masa sinadarin fosforas da ruwan sama ke wanke wa daga ƙasarsa. Idan darasin ya faɗo lokacin hazo, ka nuna musu sama kawai ka ce wannan ƙura tafiya gare ta.

Idan an koma aji, ka zana tsauni a allo daga gindi zuwa ƙololuwa. Doka guda za su riƙe: duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. A gindi ana noman ayaba da rake da koko, sama kaɗan kofi, can sama masara da alkama da dankalin turawa, daga nan sai makiyayar dabbar lama, sai ƙanƙara. Kito, babban birnin Ikwado, yana dab da ikwaita, amma da yake yana kan mita 2,850 mutanensa da rigar sanyi suke yawo. La Paz ta Bolibiya tana wajen mita 3,600, tafkin Titikaka 3,812. Yaro da ya saba jin cewa kusa da ikwaita zafi ne zai yi gardama, ka bar shi ya yi, lissafin digiri zai gamsar da shi.

Sai yanzu mutane. Tun kafin zuwan Turawa, taron jama'a mafi yawa a kan tudu yake: daular Inka da cibiyarta a Kusko ta Peru, da ta Aztek a kwarin Meziko, inda babban birnin ƙasar yake a yau kan mita 2,240. Har gobe a tudun Andis ne ake jin harsunan Kecuwa da Aimara, a Paraguwai kuma Guwarani harshen hukuma ne tare da Sifaniyanci. Ka koma rairayi ka shimfiɗa igiya ta biyu daga arewa zuwa kudu, ta yanke ƙusumbin gabashin nahiyar. Yarjejeniyar Tordesilas ce ta 1494, wadda Sifen da Fotugal suka raba ƙasashen da ba nasu ba da ita: yamma ta Sifen, gabas ta Fotugal. Kabral, jagoran jiragen ruwan Fotugal, ya sauka a gaɓar Birazil a 1500, daga baya mutanen Fotugal suka yi ta matsawa yamma suna tsallake layin. Shi ya sa Birazil kaɗai ke magana da harshen Fotugal, alhali faɗinta murabba'in kilomita miliyan 8.5 ne, ta kusa ninka Nijar sau bakwai, kuma ƙidayar 2022 ta sami mutum miliyan 203 a cikinta. Kada ka manta da ƴan tsirarin da suka fita daban: Guyana Ingilishi, Surinam harshen Holan, Guyanar Faransa kuma har yanzu yankin Faransa ce.

Sifaniyawa tsauni suka bi saboda azurfa. An gano ta dutsen Potosi, a Bolibiya ta yau, a 1545, aka tilasta wa ƴan ƙasa aikin haƙa a tsayin mita 4,000, suka mutu ba adadi. Mutanen Fotugal gaɓa suka riƙe saboda rake, kuma aikin rake ne ya jawo jiragen bayi. Fiye da mutum miliyan huɗu aka kwasa daga Afirka zuwa Birazil, ita ce kuma ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, a 1888.

A nan nake ɗaukar lokaci, ina roƙonka kai ma ka ɗauka. Cikin waɗanda aka kai Bahiya akwai Hausawa, da yawansu kamammu ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, aka sayar da su ta tashoshin gaɓar Ikko da Wida. Su ne suka shirya tawayen da aka tona a Salbado a 1807, su ne kuma kan gaba a na 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmin birnin suka yi babban tawayen da ake kira na Male. Yarabawa suka fi yawa, akwai Hausawa a ciki, kuma hukuma ta sami layu da takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Ba na son ɗan Damagaram ya gama lise bai taɓa jin wannan ba. Har yau a titunan Salbado mata suna soya ƙosai da manja suna sayarwa.

Kaya ma sun zo daga can. Ka ba su aikin gida: kowa ya zaga kasuwar Dole ya rubuto abin da ya gani na ci, a raba gida biyu. Gero, dawa, wake da kuɓewa namu ne. Gyaɗa, rogo, masara, tumatir, barkono, tattasai da dankali duk daga nahiyar Amurka suka fito. Gyaɗar da Magarya da Matamaye suka yi suna da ita, asalinta yankin Bolibiya da Paraguwai ne. Yara kan ƙi yarda da batun barkono, don ba sa iya tunanin miya babu shi.

Wurare biyu sun cancanci ka tsaya a kansu don sun yi kama da halinmu. Na farko shi ne Sertawo, cikin ƙasar arewa maso gabashin Birazil: ƙaya, awaki, damina gajera marar tabbas. Farin 1877 zuwa 1879 ya kashe dubban ɗaruruwa, kuma mutanensa sun daɗe suna cin rani a biranen kudu. Tun farkon shekarun 2000 an gina wa gidajen karkara tankunan siminti masu cin lita 16,000 don tara ruwan rufi. Garin da ke sayen ruwan garuwa kamar namu ya kamata ya san da wannan dabara. Na biyu Bolibiya ce, wadda ta rasa gaɓarta a yaƙin da ta yi da Cile daga 1879, yanzu kayanta sai sun bi ta tashoshin maƙwabta irin su Arika ta Cile. Duk ɗan direban babbar mota a ajinka ya san abin da wannan ke nufi ga farashin kaya.

Sauran kana iya wucewa da sauri: filayen Pampa na Ajantina masu alkama da shanu, inda Italiyawa da Sifaniyawa suka kwararo a ƙarshen ƙarni na 19, tagullar Cile, man Benezuwela, mashigin Panama da aka buɗe a 1914, waken soya da kiwo da ke cin dajin Amazon daga kudu. Ka nuna musu cewa kusan mutum takwas cikin goma a birni suke, yawanci a gaɓa ko a kan tudu, tsakiyar nahiyar kuma jama'a ƙalilan ne. Don jan mutane ciki ne Birazil ta ɗauke babban birninta daga Riyo zuwa Biraziliya a 1960.

Wajen gwaji, ka raba musu farar takarda, kowa ya zana nahiyar da ka, ya sa tsauni da koguna uku da igiyoyin nan biyu. Sannan ka ɗiga alama a wurare uku ba tare da suna ba, misali gaɓar arewacin Cile, tsakiyar Amazon da tudun Bolibiya, ka tambaya: ruwan sama nawa ake samu a nan kuma don me, me ake nomawa, wane harshe za ka ji a kasuwa. Ka ba dalili maki fiye da suna. Sunayen ƙasashe da manyan birane sai a mako na gaba, kowane yaro ya cika su a kan taswirar da ya zana da hannunsa.