Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gane Tsofaffin Kayan Gyaran Agogo da na Ƙirar Zinariya

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da tsofaffin kayan aikin masu gyaran agogo da na maƙeran zinariya ya san cewa kurakuran sababbin shiga iri ɗaya ne, kuma galibinsu gaggawa ce ke jawo su. Mutum ya gaji akwatin kaya ko ya saye shi a gwanjo, ya buɗe ya tarar da ƙananan ƙarafa waɗanda bai san amfaninsu ba, maimakon ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tashi neman abin da zai goge su. Na gaji da ganin ana maimaita wannan ɓarna, shi ya sa na ga ya kamata a faɗe ta a fili.

Kuskure mafi muni shi ne gogewa kafin ganewa. Ana ganin tsatsa sai a ɗauko samfefa ko burushin waya, a dirje ƙarfen har ya yi ƙyalli, alhali darajar waɗannan kaya tana kan fuskar da ke taɓa aiki ne, wadda aka daidaita ta da awon da ido ba ya iya rabewa. Akwai na'urar da ake kira Jacot, wadda ake sulɓe kan sandar ƙafafun agogo da ita, wato ƙananan ƙafafu masu haƙora da ke juyawa a cikinsa. A jikinta akwai ɗan ƙarfe mai zagaye wanda aka yi wa ƙananan kwaruruka, kowanne da zurfinsa da lambarsa, domin kan sandar da ake kwantarwa a ciki bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a agogon hannu da yawa. Na taɓa ba wani mai taya ni aiki irin wannan na'ura ya share mata ƙura kawai, sai ya yi mata abin da yake gani alheri ne, ya bi ta da samfefa har lambobin suka dushe, bakin kwarurukan ya zaizaye. Ta dawo tana walƙiya, amma ba ta sake yin aiki ba har yau, kuma babu gyaran da zai mayar da ƙarfen da aka riga aka cinye. Haka abin yake ga gudumar maƙerin zinariya mai fuska kamar madubi: duk ƙarzar da aka yi mata sai ta buga ta a jikin kowane zobe da aka daka da ita. Haka ma farantin jan waya mai jerin ramuka, idan aka zura masa wani abu mai kaushi don a fitar da datti, wayar da za ta fito daga baya da zane za ta fito.

Abin da nake yi shi ne in ɗauki hoton kowane abu da duk rubutun da ke jikinsa tukuna, sannan in jiƙa shi da kananzir ko mai marar kauri ya kwana, in share da tsumma da burushi mai taushi, ramuka kuma in bi su da tsinken itace da na fiƙe. Baƙin da ya rage bayan wannan ina barinsa, domin ba ya hana aiki.

Kuskure na biyu shi ne yarda da sunan da ke kan akwati, kuma wannan ma ya taɓa jawo mini asara a hannun wani mai sayarwa da ya cika akwatin kamfani guda da tarkacen kamfanoni dabam-dabam. Akwatin katako mai ɗauke da sunan Boley na Jamus, ko K&D na Amurka, ko Bergeon na Suwizalan, shaida ne kan akwatin kaɗai. Masu gyara na da sun yi shekaru suna karya ƙarfe suna maye gurbinsa da wanda ya samu, saboda haka sai an zaro kowane ƙarfe an karanta lambarsa an auna kaurinsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake haɗa na'urar dasa sanduna da na'urar dasa duwatsun agogo, wato ƙananan yaƙutun da kan sanduna ke juyawa a cikinsu, a ce ai duk ɗaya ne tunda sun yi kama. Ta farkon ana sa mata ƙarfe mai kaurin kusan milimita 4.7 a buga da 'yar guduma. Ta biyun, irin ta kamfanin Seitz, hannu gare ta da ake dannawa a hankali, da ma'auni mai juyawa da ke tsayar da dannawar daidai inda ake so, ƙarafanta kuma sun fi sirara. Wanda ya sa mata guduma ya fasa dutsen yaƙutun, ya kuma lalata ma'aunin. Don Allah, in ba ka san abu ba, me ya kai ka bugunsa? Ko lambobin da ke kan ƙarafan faɗaɗa rami na Seitz, irin su 69 da 99 da 119, ba kuskuren bugu ba ne kamar yadda wasu ke zato: da gangan aka rage kashi ɗaya cikin ɗari na milimita daga faɗin dutsen, wato 69 na dutse mai lamba 70 ne, domin ya shiga ya kama gam.

A ƙaramin injin fiƙe ƙarfe na masu agogo ma haka rikicin yake. Ana jin an ce bakin riƙo, wato ɗan ƙarfen da ake zurawa a injin ya riƙe aiki, milimita 8 ne sai a saya, a ɗauka zai shiga kowane inji. Samfurin Webster-Whitcomb, wanda ake taƙaitawa WW, shi ya fi yaɗuwa, amma akwai irin su Moseley da tsawonsu da siffar kansu suka bambanta, akwai kuma injunan milimita 6. Ni ba na sayen ko ɗaya sai na ɗaura shi a kan sandar da ke jansa na ji ya shiga ba tare da tilas ba.

Wajen ƙiyasin shekaru, a daina ɗaukar kowace lamba a matsayin shekarar ƙira. Shekarar 1791 da ake gani tare da sunan Bergeon ta kafuwar kamfanin ce. Ranar rajistar ƙirƙira da aka buga a jikin ƙarfe tana nuna cewa ba a yi shi kafin lokacin ba, amma ana iya ci gaba da ƙera shi shekaru da dama bayan nan. Haruffan rajistar ƙirƙira na Jamus, D.R.P., sun fara ne daga 1877, irinsu D.R.G.M. kuma daga 1891, duk abin da aka rubuta wa West Germany, wato Jamus ta Yamma, kuwa tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi.

Ma'aunai ma suna ruɗar mutane, har su ce sun lalace don ba su dace da milimita ba. Masu agogon Faransa da Suwizalan da linyi suke awo, wanda ya kai kimanin milimita 2.26, akwai kuma ma'aunin da ke raba shi gida 12. Tsofaffin duwatsun sikelin zinariya masu alamar dwt kowane ɗaya giram 1.555 ne, ashirin ɗinsu ke ba da oza ta zinariya mai giram 31.1. Sandar awon zobe in haruffa ne a jikinta tsarin Ingila ne, in lambobi ne ƙanana har zuwa goma sha wani abu, galibi na Amurka ne. Kwarin da aka tsaga a tsawon wasu sandunan ba aibu ba ne, wurin da gindin dutsen zobe ke bi ne.

Sauran ƙananan kurakurai ba sa bukatar dogon bayani. Hantsaki da guduma na tagulla ba na araha ba ne, an zaɓi tagulla ne don kada ta ƙarje aiki. Ƙarfe mai santsi da ya yi kama da magagarin da haƙoransa suka ƙare, sau da yawa abin sulɓewa ne, kada a jefar. Baƙin dutsen gwajin zinariya ba na wasa wuƙa ba ne. Kada a gwada ƙarfe da maganaɗisu, domin zai kama ƙarfin ya kai shi cikin agogo ya hargitsa tafiyarsa. Abin da babu suna a jikinsa kuma wataƙila mai gyaran ne ya ƙera shi da hannunsa don wani aiki na musamman.

Akwai kuma abubuwan da rashin gane su ke taɓa lafiya. Tun daga shekarun 1910 har cikin shekarun 1960 ana shafa wa hannayen agogo fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske cikin duhu. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma tururin radiyam yana nan, domin sai bayan kimanin shekara 1,600 rabinsa ke ƙarewa. Idan aka tarar da ƙananan kwalabe masu gari, ko tarin hannayen agogo masu busasshen fenti ruwan ƙasa, kada a buɗe, kada a hura, kada a kankare. A rufe su cikin leda biyu, a wanke hannu, a nemi hukumar da ke kula da irin waɗannan sinadarai. Tsohon allon da ake walda a kansa, fari mai zare-zare, yana iya kasancewa asbestos ne, ma'adinin da ƙurarsa ke cutar da huhu, kwalaben ruwa marasa suna kuma suna iya zama asid na gwajin zinariya ko gubar sayanaid da ake wanke ƙarafa da ita a da, saboda haka ba a sansana su don a gane ko mene ne.